Daga Zaure Zuwa Gindin Kurna

Litinin, bayan la'asar

A yaba wa ƙanena Mahamud, karatunsa bai faɗi ƙasa banza ba. Yau ya kafa anten a kan ɗakinsa, dogo, ana hango shi tun daga bakin masallacin unguwa. Ya sayo akwatin wifi mai ƙahoni huɗu kamar ragon da aka yi wa asiri, ya raɗa masa suna MAHAMUD OFISIYEL da manyan baƙaƙe, don kada wani ya ɗauka na talaka ne. Ya murɗa ƙarfinsa har ƙarshe. Yanzu duk wanda ya buɗe waya a wannan gefen na Birni sai ya fara gaisawa da sunan Shef Mahamud kafin ya ga ƙarfe nawa. Wannan shi ake kira ci gaba. Mutumin biro, ma'aikacin ofis, ai ba ya yin abu rabi.

Ni Suma'ila me na sani? Ɗan kasuwa ne kawai, mai sayar da sharjar waya da tiken wifi a kasuwar Dole. Akwatina mai ƙaho biyu shi ke ciyar da gidan nan tun Baba na da rai, kuma ban ji wanda ya taɓa kuka ba, sai dai a ce can baya yana ɗan nauyi. Amma tunda an ce yanzu kowa da nasa, madalla. Ni ma na hau kujera na murɗa nawa har ƙarshe. Ba gasa ba ce. Gyara ne.

Gida ɗaya, rezon intanet biyu, ƙofar shiga biyu. Ni da zaure da gaba, shi da baya da kurna da tsohuwar rijiya. Maganar katanga ba zan rubuta ta nan ba. Ta kai ƙirji, magini ya ce saura kaɗan. An bar wa Inna ƴar ƙofa daidai kusurwar ɗakinta don ta riƙa wucewa wajen jikokinta na baya. In ta ɗauki kwano sai ta karkace.

Laraba, hantsi

Abdulaziz ya kira daga Abijan. An sake kwantar da Zuliha. Bai faɗi sunan abin ba, ni ma ban tambaya ba. Miji in ya yi ta jera maka "da sauƙi, da sauƙi" a numfashi ɗaya, ba sai ka tambaya ba.

Na ce wa magini ya dakata. Ashe Mahamud ya riga ni. Mutumin ya karɓi saƙo ɗaya ta ƙofa biyu, yana murmushi ƙasa-ƙasa.

Zuliha ba ta san da katanga ba. Ita ce autarmu, ta yi aure ta tafi gidan yana ɗaya. Babu wanda ya ce a ɓoye mata. Babu kuma wanda ya faɗa.

Alhamis, bayan azahar

Inna ba ta iya tafiyar. Da ƙafafun nan nata da hawan jini, likita ko Mirriya ya hana ta zuwa a mota, balle kwanaki a kan hanya. Saura waya.

Zuliha na samun ƙarfi da safe bayan an yi mata allura, ɗan lokaci ne, sai barci ya ɗauke ta har wata safiyar. Yau Abdulaziz ya jingina mata wayar a kan filo, ta ce, "Inna, na gaji da kallon rufin ɗakin nan. Ki zaga da ni gida. Ki fara daga zaure inda Baba ke ɗinkin fata, ki kai ni har gindin kurna. Kada ki yi sauri."

Inna ta gyara mayafi kamar za ta tari baƙuwa, ta fita zaure ta juya wayar. Zuliha ta ga basillar Baba da wuƙarsa ta dukanci a rataye inda ya bar su. Ta ga randa. Ta ga akuyar matata Hafsatu, ta ce, "Wannan ɓarauniyar tana nan?" Muka yi dariya. Muryarta ta sirance, amma bakin nan nata yana nan yadda yake. Inna ta bi tsakar gida a hankali, ta wuce ƙofar ɗakinta, ta nufi kusurwa. Sai fuskar Zuliha ta tsaya cak, baki a buɗe. Sai ta ɓace.

Inna ta ci gaba da tafiya tana magana, ba ta san ita kaɗai ce ba. Kafin wayar ta gama dabur-dabur ta kama rezon Shef a sake kira, Abdulaziz ne ya ɗauka yana raɗa: ta yi barci.

Ni ne ɗan fari. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba tunda ta haife ni, ba ta kuma yi mini magana fuska da fuska sai dole ta kai dole. Kaka ce ta raine ni a Mirriya, da na dawo na tarar ana ce mini "wancan". Yau ta dubi Hafsatu, ina tsaye a gefenta, ta ce:

"Hafsatu, na ji ana cewa a gidan nan akwai mai sana'ar waya."

Na ce, "Hafsatu, gaya wa Inna rezon Abijan ne ba shi da kyau."

Hafsatu ta ce, "Ni ba anten ba ce. Ga ku nan inuwa ɗaya." Ta shige madafa.

Juma'a, kafin masallaci

Ta sake yankewa. A wuri ɗaya.

Asabar, azahar, a kasuwa

Na yi kuskure na ba Ɗanƙarami labari. Shi ne mai gyaran waya da ke maƙwabtaka da rumfata, ƙato kamar buhun gero biyu, sunan dai na yarinta ne ya bi shi. Ya ajiye abin da yake yi ya cire tabarau.

"Kai Suma'ila? Kai da ka haɗa layin teloli da layin ƴan goro, mutum na tafe yana kallon kokawa bai san an canza masa akwati ba? Gidan ubanka ne ya gagare ka?"

Na ce a sa wa wayar Inna forfe mana, datar kamfani. Ya ce in daina raina masa hankali, ya san gidanmu, katangar kakanninmu ko aljani sai ya yi sallama kafin ya shiga, balle rezon kamfani. Gaskiya ce. Daga ka wuce zaure sanda ɗaya take saura, ita ma tana rawa.

Ba ciwon ne ban sani ba. Waya halitta ce mai amanar wauta. In ta kama akwati ɗaya ba ta saki, ko da ta yi nisa, ko da ga wani a kan hancinta. Tana nan maƙale har sai muryar na farkon ta mutu, sannan ta fara waige-waige. Kuma duk sanda ka ƙara wa akwati ƙarfi, ka ƙara mata taurin kai: ita tana jin ihunsa daga nesa, shi ba ya jin ƴar muryarta. Nawa na ihu, na Shef na ihu, wayar Inna na tsakiya. In ta saki nawa kuma, wancan wani gida ne daban, da sunansa da kodensa na sirri, sai ta yi sallama a tambaye ta daga ina. Kafin a gama gaisuwa kira ya mutu.

Maganin ma na sani, da shi nake cin abinci. Layi ɗaya, kabul ya haɗa akwatunan, suna ɗaya, kode ɗaya. Kowane akwati ya rage murya ya tsaya a iyakarsa. Sai su riƙa miƙa wa juna waya yadda dillalin kirki ke miƙa baƙo: wannan ya raɗa mata, ga ɗan'uwana can ya fi ni kusa, na riga na gaya masa ke ce, wuce. Ta wuce ba ta ko cire takalmi ba.

Na ce wa Ɗanƙarami matsalar ita ce akwatunan ba ƴan ɗaki ɗaya ba ne, ba sa jin yaren juna.

Ya mayar da tabarau. Ya ce, "Akwatunan?"

Ban saya masa shayi ba yau.

Lahadi, hantsi

Na ba da shawara, ta bakin Hafsatu, a raba zagayen biyu: yau baya, gobe gaba. Inna ta zauna a gindin kurna ta kama rezon Mahamud tun kafin a kira. Hoto tas.

Zuliha ta ce, "A'a Inna. Wa ya taɓa faɗowa gindin kurna daga sama? Ba haka ake shiga gidanmu ba. Ta zaure nake so in shigo, da ƙafata, in bi ko'ina." Ta juya fuska. A haka barci ya zo.

Tun tana ƙarama haka take. In an ba ta rabin ƙosai sai ta mayar.

Wurin da kiran ke mutuwa kaɗan ya rage a hango abin da ban ce zan rubuta ba. Na lura da haka tun ranar farko. Ban ce na ji daɗi ba. Na dai lura. Na kuma san Shef ya lura, don mutumin da ke gyara wa ma'aikata rahoto ba zai kasa lura da wannan ba, amma ban ji ya aiko a gyara ba.

Talata, bayan azahar

Yau ba ta farka a kan lokaci ba. Inna ta wuni da waya a cinya.

Laraba, bayan la'asar

Na bi ta ƴar ƙofar. Sai da na tsuke ciki. Tunda aka fara ginin ban taka bayan gidan ba.

Mahamud na kan tabarma da takardun biro. Ya tashi, ya rasa inda zai sa hannunsa, ya ce, "Yaya." Matarsa Aliya ta kawo ruwa ta gudu.

Na ce ba hira ta kawo ni ba. Na zayyana masa abin da ake buƙata kamar ina yi wa kiliyan mai saye bayani. Ya saurara yana gyaɗa kai, yana "dakor, dakor" kamar ana taron ma'aikata.

Layi: na ce a ɗauki nasa, anten ɗinsa ya fi nawa tsawo kuma ya fi kama gari. Wannan maganar ba ta yi mini daɗin faɗa ba, amma ni ɗan kasuwa ne, ba na musu da kaya mai kyau. Akwatuna: na ce mai ƙahonin nasa zai koma mai kawo ruwa kawai, a kashe masa murya, in kawo nawa biyu daga Dole masu jin yaren juna. Ya haɗiye wannan shi ma. Kabul: sai an huda. Ban ce me za a huda ba, shi ma bai tambaya ba.

Sai suna.

Na ce ai sunan rezon gidan nan sananne ne tun da can, SUMAILA TELEKOM, kuma ni ne babba. Ya ce layin nasa ne, a ƙa'ida suna na bin layi. Na ce ƙa'idar wane biro? Ya ce, "Yaya, kada mu ja. A bar wa Inna. Wayarta ce, ƴarta ce. Gobe a tambaye ta, duk sunan da ta faɗa da bakinta, shi ke nan."

Na ce na yarda. Muka yi musabaha.

Sai da na matse na fito ta ƙofar, na kai tsakar gida, sannan abin ya faɗo mini. Da bakinta.

Ni. Ni da na sayar wa Bature sharjar da ba ta shiga wayarsa ya tafi yana godiya. Yaron da na koya wa ɗaura wando ya yi mini ciniki a tsaye ban ji ba. Wallahi da a kasuwa ne da na ɗauke shi aiki.

Alhamis, bayan sallar azahar

An taru a ƙofar ɗakin Inna, ni da shi da matanmu. Mahamud ya durƙusa ya yi bayani da ladabi. Ya ce suna biyu ne, ta zaɓi ɗaya ta faɗa.

Inna ta daɗe tana jan carbi. Ta san abin da aka yi, tsohuwar nan babu abin da ke wuce ta. Hafsatu ta buɗe baki za ta ce ai wannan ba adalci ba ne, na taka mata zane. Zan iya cewa a sa sunan Baba, amma shi ma ba ta faɗa, kuma sai a kwana ana shawara. Safiya nawa muke da ita da za mu ɓatar da ɗaya?

Inna ta ce da ƙasa, ba da kowa ba, "A sa Mahamud. A yi sauri."

Shef bai yi murnar da na zata ba. Ya tsaya yana kallon yatsun ƙafarsa.

Da yamma Hafsatu ta shigo da ƙwarya a rufe da faifai. Fura ce mai yaji da citta, irin wadda Kaka ke dama mini, kuma ba damun Hafsatu ba ne, na san hannunta. Na ce daga ina? Ta ce, "An ce in ajiye a inda mai shan ta zai gani."

Na shanye. Yajin ya yi yawa, har ido.

Juma'a, bayan an sauko masallaci

Na ciro akwatin layin teloli da na ƴan goro. Teloli suka taso mini kamar na kwashe musu allura: da me za su duba samfurin ɗinki, ga bikin wance ya matso? Na ce aikin gyara ne daga sama. Ɗanƙarami ya leƙo daga rumfarsa ya ce, "Daga sama ƙwarai." Ya miƙo mini kabul mai tsawo. Na saya masa shayi.

Mahamud ne ya huda da kansa, da kurfi da guduma, a rigar Juma'a. Bai iya ba. Ya fasa bulo guda kafin ya samu ramin da yatsa zai shiga. Ni na tura kabul daga nan, shi ya ja daga can.

Ɗaya na rataya a ƙarƙashin rumfar zaure, ɗaya a bangon ɗakin da Zuliha ta yi ƴanmatancinta, yana kallon kurna. Na raba musu hanya don kada su yi magana a bakin juna. Sai rage ƙarfi. Shef na tsaye a kaina yana ganin ina sauke lamba, ya ce, "Yaya, ba ragewa kake ba kuwa?" Na ce ragewa nake. Ya ce shi a saninsa ƙarawa ake yi. Na ce shi ya sa muke nan.

Gwaji sai da mutum biyu. Dole na kira shi da bidiyo, ya zauna a waje bakin titi da forfe, ni kuma na bi hanyar Inna da tafiyar Inna.

"Kana ganina?"

"Ina ganinka, Yaya."

"Yanzu fa?"

"Ina ganinka. Ka yi furfura a gemu."

"Rezo na tambaye ka."

Da wayata lafiya lau, ta wuce kamar an shafa mata mai. Da wayar Inna kuwa, a'a. Tsohuwar waya ce, Zuliha ta aiko mata tun haihuwarta ta fari, ba ta jin raɗa. Akwatin zaure na ce mata wuce, tana maƙale. Na aika a ce wa Inna ta ari tawa gobe. Amsa ta dawo: a wannan Auta ta saba ganinta.

To wadda ba ta jin raɗa sai kora. Na sa wa akwatin zaure iyaka: in muryarta ta yi ƙasa da kaza, ya sake ta da ƙarfi, na baya ya cafe. Na yi ta matsar da iyakar, ina zuwa ina dawowa ta ƴar ƙofar har gwiwar hannuna ta goge. In na kore ta da wuri, ba ta kai ga na baya ba. In na makara, ta riga ta shaƙe. Wajen magariba na samu daidai: hoton ya ɗan yi tsam kamar ƙiftawar ido, murya ba ta yanke ba.

Shef ya ce daga titi, "Ya wuce! Yaya, ya wuce!" har mai kabu-kabu ya tsaya kallo.

Asabar, hantsi

Abdulaziz ya ce a bari sai gobe, yau jikin babu daɗi.

Mahamud ya same ni a zaure. Ta ƙofar titi ya zagayo, da sallama, kamar baƙo. Ya zauna a kan dakalin Baba yana juya hula.

"Yaya, wannan ƙiftawar. Ba a iya ɗan tsawaita ta? Ba yankewa ba. Hoton kawai ya dushe, daidai wurin, har Inna ta wuce."

Ban yi masa dariya ba, don tun jiya nake wannan lissafin. Na ce na'ura ba ta san kunya ba. Ko ta yanke ko ta nuna. In na ja ƙiftawar, wayar Inna za ta saki gaba ɗaya, mu koma inda muka fito.

Na zauna a gefensa. Rabon da mu zauna tare an daɗe.

Matan ne suka kawo dabara. Ashe su tun tuni suna magana ta saman ginin, mu ne ba mu sani ba. Aliya ta ce a ja igiya a yi shanya daga kusurwa zuwa kusurwa, zannuwa manya, a bar wurin wucewa. Tsakar gidan da babu shanya ai ba gida ba ne. Na ce Shef ya yi aure sama da matsayinsa. Ya ce, "Dakor."

Lahadi, bayan azahar

Ban san ta inda zan fara ba.

Ta farka da ɗan ƙarfi. Inna ta tsaya a bakin zaure ta juya wayar, Zuliha ta ce, "Salamu alaikum," kamar mai shigowa da gaske, mu duka muka amsa. Basilla, wuƙa, randa. Akuya ta sha zagi. Ta sa Inna ta tsaya a ƙofar madafa ta ce tana jin ƙamshin daddawa, Hafsatu ta ce ƙarya take yau miyar kuɓewa ce babu daddawa, ta ce to hancinta ya fi tukunyar gaskiya. Ni da Mahamud muna biye a baya kamar ƴan rakiyar amarya, ni idona a kan tawa wayar ina kallon wane akwati ke riƙe da ta Inna.

Ƙofar ɗakin Inna. Kusurwa. Na ga zaure ya sake ta, na ga baya ya cafe. Ko tsam ɗin ban gani ba.

Sai Zuliha ta ce, "Inna, tsaya."

Inna ta tsaya.

"Wane irin wanki ne wannan? Wancan ba zanen gadon auren Aliya ba ne, da ko baƙo ba ta shimfiɗa wa? Ga linkin guga a jikinsa. Yaushe aka fara shanya busasshen kaya a Damagaram?"

Babu wanda ya tuna a jiƙa su. Mutum huɗu, da mai difloma a ciki.

"Ɗaga mini, Inna."

Inna ba ta dube mu ba. Ta kama gefen zanen ta ɗaga.

Ban taɓa roƙon Allah aikina ya lalace ba sai yau. Na ce ya Rabbi ko wutar kuran ce a ɗauke. Hoto tas, har ana ganin shatar cokalin magini a jikin siminti. Aikina ya yi kyau.

Zuliha ta daɗe tana kallo. Ana jin wani abu na ƙara ɗis-ɗis a ɗakin da take. Ban san ko ta riga ta sani ba, fuskar ba ta nuna ba.

Ta ce, "Ko miƙewa ba ta yi ba. Wa ya kawo maginin?"

Mahamud ya ce, "Yaya ne."

Na ce, "Shi ya ja igiya."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, muka ga hannun Abdulaziz da kofi. Da ta lafa ta ce wa Inna ta wuce. Inna ta karkace, kafaɗa ɗaya ta fara shiga, mayafinta ya kama bulo.

"Yaya," in ji Zuliha. "Ya Mahamud. Ranar da za ku fito da tsohuwar nan a kafaɗa, ta nan za ku bi da ita?"

Inna ta ce, "Ke Auta, ni kike yi wa fata? Ja'ira."

"Ai ni Inna..." Ba ta ƙarasa ba. Ta ce, "Mu je. Kai ni."

Rijiya. Ƙofar ɗakinta, inda ta taɓa zana sunanta da ƙusa Baba ya bi ta da tsumagiya. Yaran Mahamud suka yi layi suna gaida Gwaggo. Sannan kurna. Ta ce a kwantar da wayar a ƙasa a gindin, fuska sama, yadda take kwanciya tana yarinya in an aike ta ta ƙi zuwa. Inna ta shimfiɗa gefen mayafinta ta ɗora.

Ba abin da take gani sai ganye da ɗan sararin sama. Ta ce, "Ta yi ƴaƴa bana." Wata maƙwabciya na daka. Kurciya na kuka a kan anten ɗin Shef. Can muka ji numfashinta ya canza. Abdulaziz bai kashe ba. Inna ta zauna a ƙasa kusa da wayar, tana kore mata ƙuda.

Ni na koma zaure. Akwai ƙura a akwatin, na tsaya gogewa.

Da la'asar Hafsatu ta zo ta tsaya a bayana. Ta ce, "An ce a gaya wa mai sana'ar waya, Allah ya yi masa albarka." Na ce ta ce amin. Ta ce, "Je ka faɗa da kanka." Ban je ba. Ba a haka.

Talata, hantsi

Ta buɗe ido, ba ta yi magana ba. Inna ta sake zagawa da ita duk da haka, tun daga zaure. Bai yanke ba.

Laraba

Bai yanke ba.

Alhamis, bayan azahar

An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. A can Abijan aka yi jana'izar Zuliha, Abdulaziz ya ce an samu jama'a.

Asabar, la'asar

Maza a zaure da bakin titi, mata ciki, gaba da baya duk ya cika. Mutanen Mirriya sun zo mota guda. Kowa na tambayar kode, kode ɗaya ake ba shi. Masu kai abinci suna ta cushewa a ƴar ƙofar da tire a ka, har wata gwaggonmu ta maƙale ta yi ta salati. Daga baya suka gane miƙawa ta sama ya fi sauri. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya dubi ginin, ya dube ni, ya ce Allah ya ba da haƙuri. Ban san na wanne yake nufi ba.

Ni da Mahamud tabarma ɗaya muke karɓar gaisuwa. Dole ce. Gwiwarsa na taɓa tawa, bai janye ba.

Teloli sun zo su ma, sun yi addu'a mai tsawo. Babu wanda ya tambayi akwati. Ɗanƙarami ya ce in bar su nan tukuna, zai san abin da zai gaya musu.

Laraba, hantsi

Baƙi sun watse. An naɗe tabarmi. Inna na fita da safe ta zauna gindin kurna, wayar a ƙulle a bakin zane, ba ta kiran kowa.

Magini ya biyo ɗazu, ya yi gaisuwa, ya sha ruwa, ya ce ba don komai ba, damina ta matso, siminti ba ya son jira, a ƙarasa ko yaya? Na ce ya tambayi Shef. Ya ce daga can yake, Shef ya ce a tambayi Yaya.

Na ce ya dawo wani satin.

Ga bulo a jibge. Ga siminti a rufe da leda. Abin da ya haɗa mu faɗa yana nan, ko kwabo bai ragu ba, ni ban janye ba, shi bai janye ba. Wadda muke jin kunyar ta gani ta gani, ta kuma tafi. To yanzu wa muke jira?